Tabarau na kwamfuta a ɗakin gaggawa: zai iya rage zafin tsakuwar ƙoda?

Abban Sadiq
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu da nas-nas, da duk wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda. A wasu asibitocin ƙasashen waje ana sanya wa majinyata tabarau ɗin nan na VR, wanda idan ka ɗaura shi a fuska yake rufe maka ido gaba ɗaya, ka tsinci kanka cikin wata duniya da kwamfuta ta ƙera: ƙarƙashin teku, ko daji, ko kan dutse. Duk inda ka juya kai, abin da ke can za ka gani. Manufar ita ce a ɗauke hankalin mara lafiya daga ciwon da yake ji. Yanzu har an kai ga gwada shi a ɗakin gaggawa, shi ne nake tunanin masu zuwa da ciwon tsakuwar ƙoda. Ni aikina gyaran na'urorin asibiti ne, kuma na san kuɗin tabarau guda bai kai na kayan aiki da yawa da ake saya ba. Shin abin nan zai yi amfani a asibitocinmu?

Maman Affan
Wa alaikumus salam. Malam, wanda bai ɗanɗana ciwon nan ba ba zai gane ba. Na haihu, na kuma yi tsakuwar ƙoda, wallahi naƙuda ta fi sauƙi, don ita tana bari mutum ya numfasa, kuma kin san abin da kike jira a ƙarshe. Wannan kuwa daga kwiɓi yake kamawa ya gangaro mara, ba zama, ba kwanciya, ba tsayuwa. Birgima nake yi a ƙasa ina amai. A wannan halin babu abin da nake roƙo sai allura.

Likita Hadiza
Sannu Maman Affan, Allah ya kiyaye gaba. Abin da kika faɗa shi muke gani kullum, har da birgimar muke zargin ciwon tun daga bakin ƙofa. Wanda hanjinsa ya huje lamo yake yi, ba ya son ko gadon a taɓa. Mai tsakuwa kuwa ba ya iya tsayawa wuri guda.

Bari in yi bayanin inda zafin yake fitowa, don sai an san shi za a san ko tabarau yana da gurbi. Mutane suna ɗauka kaifin tsakuwar ne ke yankar ciki. Yawancin zafin ba daga nan yake ba. Tsakanin ƙoda da mafitsara akwai siririn bututu, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, faɗinsa milimita 3 zuwa 4 kawai. Tsakuwa tana iya yin shekaru cikin ƙoda ba a san da ita ba. Ranar da ta faɗo cikin bututun ta toshe shi, fitsari ya rasa hanya, sai ya taru a baya, ƙodar ta kumbura. Jiki kuma ya saki wani sinadari, furostagilandin, wanda ke ƙara jinin da ke shiga ƙodar, fitsari ya ƙaru a kan wanda ya riga ya taru, bututun kuma ya dinga murɗawa yana ƙoƙarin tura tsakuwar gaba. Shi ya sa ciwon yake lafawa ya sake tasowa.

Dikilofenak da danginsa suna hana jiki yin wannan sinadarin, wato gindin matsalar suke zuwa. A 2016 mujallar Lancet ta buga wani babban gwaji da aka yi a Asibitin Hamad da ke Doha, ƙasar Katar, kan mutum sama da 1,600 da suka zo ɗakin gaggawa da wannan ciwon. An raba su gida uku: wasu allurar dikilofenak a tsoka, wasu farasitamol ta jijiya, wasu mofin, wato maganin zafi mai ƙarfi da ke iya kama jiki, ta jijiya. Bayan minti 30, waɗanda zafinsu ya ragu da rabi ko fiye sun kai kashi 68 cikin 100 a gidan dikilofenak, 66 a na farasitamol, 61 a na mofin. Allura mai arha ta fi mofin aiki ke nan. Tabarau kuwa ba ya taɓa kumburin ƙoda ko kaɗan. Duk wanda ya ce a sa shi a madadin allura, ba na tare da shi.

Abban Sadiq
Na gode Likita. Ni ma ba madadin allura nake nufi ba. Amma kada a ɗauka wasan yara ne. Tun 1996 Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington a Amurka suka fara wannan aikin, da masu ƙuna a asibitin Harborview da ke Seattle. Kowa ya san yadda wankin ƙuna yake, ko an ba da mofin majinyaci ihu yake yi. Sai suka ƙera wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, majinyaci yana shawagi cikin wani kwazazzabo fari fat, yana jifan tsuntsayen ƙanƙara da dunƙulen ƙanƙara, nas kuma tana can tana wanke ciwon. Da gangan suka zaɓi sanyi, saboda mutumin da wuta ta ci. Majinyatan sun ce zafin ya ragu, kuma da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sa kai a cikin na'ura, an ga sassan da ke aiki lokacin jin zafi sun rage aiki. Ba faɗar baki ce kawai ba.

Dalilin kuwa tsohon ilimi ne. Tun 1965 wasu masu bincike biyu, Melzack da Wall, suka nuna cewa saƙon zafi ba kai tsaye yake wucewa zuwa ƙwaƙwalwa ba, ana iya ƙara shi ko a rage shi a hanya, kuma hankali da tsoro suna da hannu a ciki. Hankalin mutum yana da iyaka. Idan ido da kunne suka cinye mafi yawansa, abin da ya rage wa ciwon kaɗan ne.

Sista Rabi
Injiniya, ka kawo misali mai kyau, amma ka duba bambancin. Wankin ƙuna mu ne muke sa masa lokaci. Majinyaci yana kwance, an shirya shi, an yi masa bayani, an ɗaura masa abin kafin a fara. Mai tsakuwa da ƙarfe biyun dare ake shigo da shi, mutum biyu na riƙe da shi, rigarsa duk amai. Tashin zuciya ɓangare ne na ciwon kansa, shi kuma tabarau ɗin an san yana sa wasu jiri da tashin zuciya ko da lafiyarsu ƙalau. Ka haɗa biyun. Idan amai ya taso wa mutum idonsa a rufe, kwano ma ba zai gani ba.

Sannan wa zai yi cajinsa? Wa zai goge shi bayan kowane mutum? Soson da ke manne da fuska yana shan gumi. Lokacin afolo ka sa wa mutum ɗaya, ka raba wa ɗaki. Ina faɗin wannan ne saboda duk sabon abin da aka kawo, a hannun nas yake ƙarewa.

Abban Sadiq
Sista, maganar tsafta tana da magani: akwai murfin roba da ake sa wa wajen fuskar, a goge da auduga da sifirit. Jirin kuma yana zuwa ne idan ido ya ga ana tafiya alhali kunnen ciki, mai kula da daidaiton jiki, yana cewa a zaune ake. Idan hoton na tsaye ne, mutum yana zaune bakin ruwa ba shawagi yake ba, jirin yana raguwa sosai. Amma amai kam, sai an tsayar da shi tukuna, wannan ba gardama.

Famasis Kabiru
Ni ta wani gefen zan shigo. Likita Hadiza ta faɗi gaskiya game da dikilofenak, amma ita ma ta san ba kowa ake yi wa ba. Mai gyambon ciki, mai ciki musamman a watannin ƙarshe, wanda ƙodarsa ta riga ta yi rauni, wanda jikinsa ya bushe saboda amai, duk ana kaffa-kaffa da su. Kuma masu raunin ƙoda ba kaɗan ba ne a wurinmu, ga hawan jini ga ciwon suga, ga yawan ciwon ƙodar da aka daɗe ana kuka da shi a yankin Gashuwa. Idan aka cire dikilofenak, farasitamol ta jijiya kuma ta gaza, sai a koma kan mofin ko fentazosin. Mofin ba kullum ake samunsa ba. Fentazosin kuwa mun ga mutanen da suka fara shi a gadon asibiti da halaliyar ciwo, daga baya suka kasa rabuwa da shi. Ba mu manta da yadda kodin ya yi da matasanmu ba, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi da kuma haɗa shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC. Tiramol kuma har yanzu ana fama.

Saboda haka duk abin da zai sa majinyaci ya wadatu da allura ɗaya maimakon biyu, ni ina so a dube shi da idon basira. Amurkawa ma abin da ya tura su ke nan, annobar magungunan nan masu kama jiki.

Likita Hadiza
Famasis, a nan muna tare. Kuma akwai hujjar da ta fi ta masu ƙuna kusa da abin da muke magana. A 2019 Brennan Spiegel da abokan aikinsa a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles sun buga gwajin da suka yi kan majinyata 120 da ke kwance da ciwo iri-iri. Rabi aka ba su tabarau, rabi aka kunna musu tashar talabijin mai shirye-shiryen kwantar da hankali. A ma'aunin zafi na 0 zuwa 10, na masu tabarau ya sauka da kimanin maki 1.7, na masu talabijin da ƙasa da rabin maki. Abin da ya fi jan hankalina, waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su suka fi amfana.

Amma a karanta shi yadda yake. Mutanen nan suna kan magungunansu, tabarau ƙari ne. Maki 1.7 ga wanda yake kan 9 sauƙi ne, amma har yanzu yana cikin ciwo. Sannan irin wannan gwajin yana da raunin da ba ya gyaruwa: a gwajin ƙwaya ana iya ɓoye wa mutum ko ta gaske aka ba shi, amma wanda aka ɗaura wa tabarau ya san an ɗaura masa. Murnar sabon abu da jin cewa an kula da kai suna shiga lissafin. Ni wannan bai dame ni sosai ba, in dai majinyaci ya ji sauƙi kuma ba a cutar da shi ba. Abin da ya dame ni shi ne a ɗauki sakamakon wani ciwo a ɗora wa wani. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani shirin tabarau mai suna EaseVRx a watan Nuwamban 2021, amma na ciwon baya ne wanda ya daɗe, ana binsa mako 8 a gida ana koyon numfashi da sarrafa tunani. Wannan daban, ciwon da ya faɗo wa mutum cikin dare daban.

Inda nake ganin gurbinsa shi ne bayan allura. An yi dikilofenak, an ba da maganin amai, to akwai minti 20 zuwa 30 kafin ya kama sosai, sannan ga jiran hoto, ga jiran sakamakon jini da fitsari, wani lokacin awanni. A wannan zaman ne tsoro yake cin mutum. Yana jin ihun na kusa da shi, yana ganin jini a fitsarinsa, ya fara tunanin ƙodarsa ta mutu, za a fara masa wankin ƙoda, ina zai samo kuɗi. Tsoron nan yana ƙara zafin, kuma shi ne ke sa a dawo ana roƙon allura ta biyu.

Maman Affan
Likita kin taɓo inda yake. Bayan allurar ta fara aiki, abin da ya hana ni sakat shi ne tsoron dawowarsa. Ko motsi kaɗan na ji a kwiɓi sai jikina ya ɗau rawa. A wannan lokacin kam da an ba ni abin da zai ɗauke mini hankali, da na karɓa.

Likita Mustapha
Assalamu alaikum. Ni ɓangaren mafitsara nake, bari in sa baki, don akwai abin da nake tsoro wanda ba a ambata ba. Ba tabarau ɗin asibiti nake tsoro ba, na gida nake tsoro. Tun 2014 Google ya fito da na kwali wanda ake zura waya a ciki, kuma irinsa na roba suna nan a kasuwa da arha. Ranar da labari ya bazu cewa yana maganin ciwon ƙoda, za a samu mai zama a ɗaki da shi da ƙwayar kemis kwana uku.

Zafi ba shi ne ma'aunin haɗari ba a wannan ciwon. Ƙodar da ta toshe gaba ɗaya tana iya daina ciwo bayan wani lokaci, alhali lalacewa take yi a hankali. Mafi muni shi ne toshewa ta haɗu da ƙwayoyin cuta. Mai ciwon kwiɓi da zazzaɓi da rawar sanyi, wannan ba maleriya za a tsaya yi wa magani ba, ƙodar ce ta zama ƙurji, kuma sai an buɗe wa fitsarin hanya da gaggawa, ko da siririyar roba ta cikin bututun ko ta baya kai tsaye. Cikin awanni jini yana iya gurɓata. Haka wanda fitsari ya ɗauke masa gaba ɗaya, da mai ƙoda guda, da mai ciki. Kuma ba duk abin da ya yi kama da tsakuwa ne tsakuwa ba. Dattijon da ya haura 60 da ya zo da irin wannan ciwon karon farko, muna tunanin babbar jijiyar jinin ciki da ta kumbura tana shirin fashewa. Matar da al'adarta ta yi jinkiri, muna tunanin ciki a wajen mahaifa. Waɗannan idan aka rufe musu ido aka ce su kalli teku, an yi kisa. Saboda haka sharaɗina: ba a sa wa kowa sai likita ya duba shi, an auna zafin jiki da hawan jini, an san da me ake fama.

Game da tsakuwar kanta, wadda ba ta kai milimita 5 ba yawanci tana fita da kanta cikin 'yan makonni. Wadda ta wuce milimita 10 da wuya ta fita sai an taimaka. Tsakanin nan muna ba da ƙwaya irin tamsulosin don bututun ya saki, mu sa ido.

Inda ni nake ganin tabarau zai fi zama daidai shi ne wajen fasa tsakuwa da na'urar bugu daga waje, wadda aka fara amfani da ita a Munich ta Jamus a 1980. Majinyaci yana kwance kusan awa guda ana aika masa bugu dubbai a kwiɓi, ana so kada ya motsa, numfashinsa ya daidaita don bugun ya dinga samun tsakuwar. Aiki ne da aka tsara, kamar yadda Sista Rabi ta ce game da wankin ƙuna.

Issoufou Damagaram
Gaisuwa ga kowa daga Damagaram. Lokotoro Mustapha mun gode. Nan wajenmu ciwon nan ya yi yawa ga direbobi masu hanyar Agadas da masu aiki cikin rana. Mutum ya wuni yana gumi bai sha ruwan kirki ba, yana tsoron tsayawa fitsari. Kafin a zo ga tabarau, ku faɗa mana abin da mutum zai yi kada ta dawo mishi, musamman da azumi in ya faɗo cikin zafi.

Likita Mustapha
Malam Issoufou, tambayarka ta fi kowacce amfani ga mutane da yawa, don kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sukan sake yi cikin shekara 10. Ƙa'idar da NICE, hukumar tsara ƙa'idojin kiwon lafiya ta Ingila, ta fitar a 2019 ta ce babba ya sha ruwa lita 2.5 zuwa 3 a rana, ya matsa lemun tsami a ciki, ya guji lemun kwalba mai gas, gishiri kada ya wuce giram 6 a rana. Wannan lissafin ƙasar sanyi ne, mai aiki a ranar Damagaram ko Maiduguri zai buƙaci fiye da haka. Ma'aunin da kowa zai iya: fitsari ya zama fari-fari, ba ja ba. A lura dunƙulen ɗanɗano na miya ma gishiri ne. Kuma kada a daina nono da madara don an ji yawancin tsakuwa ta kalsiyam ce, rage shi a abinci yana iya ƙara haɗarin. Da azumi a rarraba ruwan daga buɗa-baki zuwa sahur, kada a tara shi a zama ɗaya. Wanda yake da tsakuwa a bututu a halin yanzu, ya ga likitansa kafin ya ɗauki azumi.

Malam Nuhu
Allah ya saka wa likitoci da alheri. Ni tambayata kan abin da za a nuna ne. Tsohuwar da aka kawo daga ƙauye, me ya haɗa ta da tsuntsun ƙanƙara? Ina ganin firgita za ta yi. Amma a ce ta buɗe ido ta ga kanta a farfajiyar Harami tana kallon Ka'aba, karatu yana tashi a kunnenta a hankali, wannan zuciyarta ta san shi. Mu dama idan ciwo ya tsananta salati da addu'a muke kamawa, kuma suna kwantar da numfashi.

Abban Sadiq
Malam, wannan shawara ce mai ƙarfi, kuma hotunan Harami masu zagaye da ake kallo ta kowace fuska suna nan. Abu ɗaya kawai: binciken su Hoffman ya nuna cewa duniyar da mutum yake yin wani abu a cikinta ta fi ɗauke zafi a kan wadda yake kallo kawai. To amma mai tsakuwa ba ya cikin halin wasa. Wataƙila a haɗa masa da numfashi, wani haske yana buɗewa yana rufewa a hankali shi kuma yana binsa, da murya da Hausa tana ce masa ja, saki. Kuma a bar wa majinyaci zaɓi, don ba Musulmi kaɗai ke zuwa asibiti ba, wani kuma gona da damina zai fi so.

Hajiya Binta
Ku yi haƙuri in kawo abin da maza ba za su tuna ba. Ɗakin gaggawa a yawancin asibitocinmu a buɗe yake, maza da mata, 'yan jinya suna kai da kawo. Ku ce mace ta kwanta a nan, tana juyi saboda ciwo, a rufe mata ido da kunne, ba ta san wa ke tsaye a kanta ba, ba ta san ko zanenta ya zame ba, ga jakarta ga wayarta. Hankalinta ba zai kwanta ba, ƙara tashi zai yi. Sai dai in akwai labule, kuma 'yar'uwarta na zaune tana riƙe da hannunta. Ni da a ce ni ce, in babu waɗannan biyun ba zan yarda a sa mini ba.

Sista Rabi
Hajiya kin gama magana. Kuma mu ma muna karanta fuskar majinyaci. Idan ya fara galabaita, a ido da goshi muke fara gani. Abin da ya rufe rabin fuska ya rage mana wannan.

Likita Hadiza
Hajiya Binta, wannan ba ya cikin takardun da na karanta, kuma gaskiya ne ƙwarai.

Akwai wani abu mai arha da nake so a sa a ma'auni ɗaya da tabarau. A 2003 likitoci a Biyana ta ƙasar Ostiriya sun buga gwajin da suka yi a cikin motocin ɗaukar marasa lafiya: masu ciwon tsakuwa aka sa wa wasu bargon lantarki mai ɗumin digiri 42 a ciki da ƙugu, wasu bargo kawai. Masu ɗumin zafinsu ya ragu sosai, har da tashin zuciya da fargaba. Robar ruwan ɗumi a naɗe cikin tawul ba ta buƙatar caji, ba ta rufe wa kowa ido, kuma mai jinya zai iya riƙe ta. Kafin asibiti ya sayi tabarau, ina so in ga yana da wannan, kuma ina so in ga allurar farko tana cikin ɗakin gaggawa, ba sai ɗan'uwan majinyaci ya yanki kati ya bi layin biyan kuɗi ya dawo ba. Na sha ganin mutum ya yi kusan awa yana birgima saboda wannan zirga-zirgar kaɗai.

Abban Sadiq
Likita, a nan kam zan ɗan ja da ke. Duk lokacin da aka kawo sabon abu sai a ce a bari sai an gyara na farko, kuma na farkon shekara nawa ana jiransa? Gyaran layin biyan kuɗi aikin hukumar asibiti ne. Gwada tabarau guda biyu aikin likita ɗaya ne da nas biyu da ni. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Kuma idan ba mu gwada a kan mutanenmu ba, da harshenmu, a ɗakunanmu masu hayaniya, kullum sakamakon Los Angeles za mu dinga karantawa muna hasashe.

Famasis Kabiru
Ina bayan Injiniya a wannan. Ƙaramin gwaji ba zai ci kuɗin allura ba.

Likita Hadiza
Ban ƙi gwaji ba, Injiniya, sharaɗi nake sawa. Abin da nake gudu shi ne ranar da maganin ya yanke, wani ya ce ai ga tabarau. In za a yi, sai ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, majinyaci ya amince da bakinsa bayan zafin ya ɗan lafa, don mai birgima ba ya cikin halin amincewa da komai. Kowa a yi masa allurarsa daidai, ba a jinkirta wa kowa ko minti ɗaya. Bayan nan a raba da ƙuri'a: wasu tabarau, wasu robar ɗumi, wasu kulawar da aka saba. A tambayi zafin kafin a fara, da bayan minti 15, da 30, da 60. Amma abin da zan fi duba ba makin ba ne, don mutanenmu suna da kara, idan ka yi musu ɗawainiya za su ce sun ji sauƙi don kada ka ji kunya. Abin da ba ya kara shi ne mutum nawa suka nemi allura ta biyu, mutum nawa suka yi amai, mutum nawa suka cire abin da kansu kafin lokaci.

Likita Mustapha
A ƙara da waɗanda ba za a sa ba tun farko: mai zazzaɓi, mai farfaɗiya, mai ciki, wanda jininsa ya sauka, da wanda ba a tabbatar da tsakuwar ba ta hoto.

Sista Rabi
To in dai haka ne zan yi wa shugabar ɗakinmu magana, amma da sharaɗi biyu daga ɓangarenmu. Na farko, a fara da aikin safe, don da dare wani lokacin mu biyu ne a kan ɗaki cike, ba wanda zai tsaya gyara wa mutum madauri. Na biyu, Injiniya, caji da gogewa da ajiya a rubuta sunan wanda ke da alhakinsu tun kafin a kawo abin, kuma gadon da za a yi amfani da shi ya zama na ƙurya mai labule, da kujerar mai jinya a gefe. Ka turo mini hoton murfin robar da ka ambata in nuna mata.